Gefen Direba

Baba,

Assalamu alaikum. A littattafan da nake karantawa, waɗanda ka ce na banza ne, in za a fara wasiƙa sai a ce bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. To ni wace lafiya zan yi maka fata? Yau wata biyu da kwana shida kana kwance a Baƙi'a, kuma na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba. Shi ya sa na samu ƙarfin halin rubutawa, ni da ko ido ban taɓa haɗawa da kai ba.

Bari in fara da labarin gida kamar yadda ake yi. Umma tana takaba, ta rame, ko taga ba ta leƙawa. Har yanzu mata suna zuwa, na nan Sultana da na Khalidiyya, su sha shayi su ci dabino, kowacce sai ta ce mun yi sa'a, ka rasu a Madina, an yi maka salla a Harami, ka samu makwanci kusa da sahabbai. Har da masu yi mana barka. Ni dai in sunkuyar da kai in ce alhamdu lillahi. Ban san inda kabarinka yake ba. Mata ba sa shiga, Yaya Bashir kuma ya ce ko shi da ya saka ka da hannunsa ba zai iya nuna wurin ba yanzu, duwatsun duk iri ɗaya ne. Ka ga ke nan ba ni da inda zan je in tsaya in faɗa maka abin da ke raina.

Haushinka nake ji, Baba. Ga shi na rubuta, hannuna bai shanye ba. Na san ba a faɗa, na san me malamarmu za ta ce in ta gani, na yi istigfari kafin in rubuta kuma zan sake yi bayan na gama. Amma haushin yana nan.

Ka tuna ranar Talatar nan a asibiti, bayan azahar? Umma ta fita alwala, ni da Yaya ne a kanka. Larabci ya riga ya gudu daga bakinka tun ranar Lahadi. Shekara ashirin da wani abu kana yi wa ma'aikatan warsha, garejinka, faɗa da shi, rana ɗaya ya tafi ya bar ka da Hausar Kano tsantsa, har nas take kirana in yi mata tafinta. Ka buɗe ido, ka ɗaga yatsa. Na matso. A duk littafin da na karanta, uba in zai cika yakan kama hannun 'yarsa ya sa mata albarka, ya ce ta yafe masa, ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Wallahi har na shirya irin kukan da zan yi. Sai idonka ya tsallake ni ya sauka kan Yaya, ka ce: Bashir, robar ƙarƙashin lagireto, mai kaurin a gefen direba, kar ka ɗaure noti sai bonet ya zauna. Bayan wannan sai kalmar shahada da Yaya ya laƙƙana maka, ka amsa, alhamdu lillahi.

Roba, Baba. Shekara goma sha shida ina jiran magana ɗaya daga bakinka wadda ba ke miƙo ba ce, ba ke kashe fitila ba ce. Aka zo ƙarshe, roba ta riga ni.

Ba sai ka tambaya ba, na san me kake tunani. Motar. Ko yanzu na tabbata da za a ba ka izinin tambaya ɗaya, ba Umma za ka tambaya ba, jar wanet ɗin Ammu Hamza za ka tambaya, wadda kai kaɗai a duk Madina kake ce wa a-kori-kura. To zan ba ka labarinta, amma sai ka bi ni a hankali, yau ni ke da magana.

Na san motar nan kamar kishin da ke raina, alhali ko sau ɗaya ban taka warsharka ba. A kan tabarmar cin abinci na koye ta. Shekara biyu ba ka da wata hira. Na san ta mahaifin Ammu Hamza ce, da ita ya yi jigilar dabino da kayan alhazai tun ba a haifi Umma ba. Na san ta taɓa faɗawa rami da kaya a bayanta, shasinta ya ɗan sunkuya ta gefe ɗaya, kai kuma ka rantse ba za ka sa wa tsohon ƙarfe wuta ba. Na san ƙarfen da ke riƙe lagireto a kan roba biyu yake zaune, kowacce girman gindin kofin shayi, kuma bonet da ƙarafan da ke rufe tayoyin gaba duk a jikinsa suke rataye. In roba ɗaya ta yi ƙasa, fuskar motar gaba ɗaya ta karkace. Na san da hannunka ka yanka sababbin robobin daga tayar babbar mota, ka sa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta kaurin da bai kai rabin yatsa ba, don ta cike sunkuyon shasin. Ka zo da su gida a aljihu, ka ajiye kusa da kwanon miya, kana jujjuya su kana murmushi. Ban taɓa ganin ka dubi wani mai rai a gidan nan da irin wannan idon ba.

Kuma ban manta da littafina ba. Wanda Gwaggo ta kawo mini daga Kano shekarar da ta zo aikin Hajji, ta ɓoye shi cikin kayan yaji. Ni kaɗai na koya wa kaina karatun boko na Hausa saboda irinsa, harafi harafi, a bayan ƙofar kicin. Saura mini babi biyu. Ka gan shi a kan taga, ka yage ganyayyakin ƙarshe, ka ce takardar tana da kauri mai kyau, za ka ninka ta ka gwada ratar ƙofa da ita. Ko tambayar na waye ba ka yi ba. Har gobe ban san ko matashin nan ya dawo daga tafiyarsa ba.

Bayan an share zaman makoki Ammu Hamza ya zo. Ina bayan ƙofa da tiren gahawa, na ji komai. Ba mugun mutum ba ne, kakanninsa ma daga wajenmu suka zo da ƙafa, har ya yi wa Yaya ta'aziyya da guntuwar Hausarsa. Amma ya faɗi gaskiya. Warsha da sunansa take, shi ne kafilinka da ya tsaya maka a wajen hukuma, igamarmu ni da Umma, takardarmu ta zama a ƙasar, a jikin taka take rataye, taka kuma ta mutu da mutuwarka. Ya ce warsha gwani take so. In Yaya ya ƙarasa motar kamar yadda kai za ka ƙarasa ta, zai mayar da takardu kan sunan Yaya, mu kuma mu koma ƙarƙashinsa. In ya kasa, zai ba wani wurin, mu kuwa sai huruj, barin ƙasar, sai filin jirgi, sai Kano. Ya ba shi zuwa Alhamis ɗin ƙarshen wata mai zuwa.

Yaya ya ce ai abin da ya rage kaɗan ne, fenti ya bushe, inji yana tashi, haɗa gaba kawai. Ya ɗauki robobinka ya yi yadda ka ce. Mai kaurin a gefen direba, wato hagu, inda sitiyari yake. Ya saki bonet, bonet ya ƙi zama. Hagu ya ɗaga kamar mai ɗaga gira, dama ya faɗa ciki. Ƙofa ɗaya tana cizon fenti daga sama, ɗayar daga ƙasa. Ya kwance, ya ɗaure, ya sake kwancewa. Ya canza maratayan bonet. Ya cusa washa nan, ya cire can, in ya gyara rata ɗaya biyu su buɗe. Usta Usman, Basudanen nan maƙwabcin warsharka, ya leƙo ya ce masa ya gwada musanya robobin ya gani mana. Saura kaɗan Yaya ya ɗaga masa hannu. Wai wasiyyar Baba ce, da kunnensa ya ji, mutum yana kan gargarar mutuwa ba zai yi kuskure ba. Da ya ƙi bin maganarka gara ya yarda hannunsa ne ba shi da albarka.

Ni kuwa tun ranar da ya dawo yana ba Umma labarin wai komai lafiya, daga baya na ji shi a waya yana gaya wa abokinsa gaskiya, na gane inda matsalar take. Nan take, ko tunani ban yi ba.

Gefen direba a bakinka dama ne. Kullum dama ne.

Yaya bai sani ba, don a warsha Larabci kuke yi, yamin da yasar, dama da hagu, babu ruɗu. Ni ce kake kaiwa makaranta. Ranar farko, ina shekara shida, ka ce ke shiga ta gefen direba. Na zagaya na buɗe ƙofar sitiyari na hau, ka daka mini tsawa har na yi fitsari a sabon wandona. Da muka hau titi, watakila kunya ce ta kama ka, sai ka ce lokacin da kake yaron gareji a Kano, kafin a canza hannu, sitiyarin kowace mota a dama yake, bakinka kuma ya saba, ya ƙi canzawa tare da gwamnati. Labari ɗaya ke nan da ka taɓa ba ni a duniya. Bai kai daga fitilar Sultana zuwa ta gaba ba. Shekara goma ina shiga ta gefen direbanka, ina zaune a dama, ina kallon taga, kai kana sauraren inji.

Na sani, na yi shiru. Mako biyar. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki biro.

Kana so ka san dalili? Na so motar nan ta zauna a karkace har abada. Na so mutane su wuce su ga abin da ka ƙare rayuwarka a kai da baki a murguɗe. Na so maganarka ta ƙarshe, wadda ka hana ni ka ba roba, ta tashi a banza. Duk ranar da Yaya ya dawo da baƙin mai har gwiwar hannu ya kasa cin abinci, wani abu a cikina yana cewa madalla, ga sakamakon wasiyya. Ban san ina da irin wannan zuciyar ba. A makaranta ni ce wadda in malama ta kira sunanta sai murya ta maƙale. Ashe mai shiru ma ta iya mugunta, shirun ne makaminta.

Kuma akwai wani dalilin, wanda ya fi ba ni kunya. Ina son huruj ɗin. Ban taɓa ganin Kano ba, amma na san ta. Na san a can yarinya takan yi kwalliya da yamma, a aiko yaro ya ce ana sallama da ita, ta fita zaure ta tarar da wani yana jira da ƙamshin turare. Na san ana aiko da wasiƙa a ninke kamar tsuntsu. A nan kuwa daga gida sai makaranta, cikin baƙar abaya, ko sunana babu wanda zai sani sai ranar da aka rubuta shi a wata takarda. Har na zaɓi kalar atamfar da zan sa in na sauka daga jirgi. Na zaɓi sunan wanda zai zo tarbar wani a filin jirgi ya gan ni. Ina wannan mafarkin, Umma tana ɗaki tana jan carbi tana roƙon Allah abu ɗaya, ya bar ta ta mutu a garin da aka binne ka. Ina jin ta ta bango. Ban fasa ba.

Kai ka koya mini, Baba. A gidan nan wa ya taɓa faɗin abin da ya sani don wani ya huta?

Ranar Laraba, saura kwana ɗaya, Yaya ya dawo cin abincin rana. Ka san shi, tun yana firamare in an yi masa Hausa da Larabci yake amsawa, har ka gaji ka daina dukansa a kai. Umma ta tashi salla, muka rage mu biyu. Ya daɗe yana juya shinkafa da cokali. Can sai ya tambaye ni, da Hausa, ƙasa ƙasa, wai in mutum ya je gareji a Kano neman aiki yaya zai gaida maigidan. Ya gwada da kansa. Ya ce ranka ta daɗe, ina so aiki, ni ɗan makaniki. Na tuntsire da dariya, na kasa riƙewa. Shi ma ya yi 'yar dariya, ya ce in gyara masa, kuma in akwai lokaci in koya masa karatun boko, tunda ni ce malamar littattafan banza. Sai na hango shi tsaye a ƙofar garejin wasu, ƙato da shi, yara suna kwaikwayon bakinsa. A duk Kanon da na gina a kaina ban taɓa ajiye wa Yaya wuri ba. Ko Umma ban ajiye mata ba. Ni kaɗai ce a cikin jirgin.

Na faɗa masa. Idona a kan kwano, na ce gefen direban Baba dama ne.

Bai yarda ba. Ya ce yallah in tashi in ba shi wuri, ba da maganar yarinya mai karanta soyayya zai taɓa wasiyya ba. Na ba shi labarin ranar farko ta makaranta, har da fitsarin, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Umma ta idar da salla, ya leƙa ya tambaye ta, in Baba ya ce gefen direba ina yake nufi. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ɗaga hannun dama da carbin a ciki. Da ya tambaye ta tun farko da duk ba a kai nan ba, amma ɓoye mata yake yi don kar ya ƙara mata damuwa.

Ya juyo ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce yanzu na tuna. Ƙarya na yi masa, kuma ina jin ya gane, don ya daɗe yana kallona kafin ya fita. Bai sake tayar da maganar ba har yau. Wannan ya fi mini duka ciwo.

Kafin la'asar wayar gida ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji hayaniyar warsha. Bai yi sallama ba, ya ce isma'i, saurara. Sai na ji ƙat. Sau ɗaya, a hankali, kamar an rufe akwati mai kyau. Bonet ɗinka ne. Ya musanya robobin, ya bar notuna a sake kamar yadda ka ce, ya saki bonet ya zauna da kansa, sannan ya ɗaure. Abin da ya ci masa mako biyar bai kai sa'a ɗaya ba.

Alhamis Ammu Hamza ya zo. Yaya ya ba ni labari, wai Ammu ya zagaya motar sau uku yana bin rata da yatsa, daga bonet zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ƙasa, dama da hagu, ko'ina daidai. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya buɗe ya rufe. Wai har ya share hawaye da gefen mayafin kansa. Ka san me ya ce? Ya ce hannun Mu'allim Isa bai mutu ba. Usta Usman ya ce Allah ya jiƙan gwani, yana kabari yana gyaran mota. Aka yi ta yi maka addu'a. An fara aikin takardu, ba za mu tafi ba. Umma ta yi sujada a tsakiyar falo.

Ka ci nasara, Baba. Kai ka faɗi magana a baibai, ka kusa jefa mu jirgi, kai aka yaba. Ni na san ba yabo na cancanta ba. Amma ko zagin ma ban samu ba, babu wanda ya san ina cikin labarin.

Jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya kawo mini wani littafi da ya tsinta a akwatin kayan aikinka, mai baƙin bango, duk ya sha mai. Rubutunka ne, da boko, shi ba ya iya karantawa. Ya ce in karanta masa ko akwai wani gefen direban da bai sani ba. Ban san kana rubutu ba. Na ce ya ba ni in fara dubawa ni kaɗai.

Awo ne da sunayen ƙarafa, shafi bayan shafi. Sai a tsakiya na ci karo da wani layi: yarinya tana tari yau, hankalina bai kwanta ba. Na juya shafi. Yarinya ta ƙi tashi da safe, na lallaɓa ta. Na juya. Yarinya ta yi kyau yau, na daɗe ina kallonta. A nan na rufe littafin na rungume shi, na yi kukan nan da na shirya tun asibiti. Na ce ashe, ashe. Na roƙi Allah ya yafe mini duk abin da na raya a kanka. Da na share ido na buɗe shafi na gaba, ka rubuta: na canza wa yarinya filogi, tarin ya tafi.

Na karanta shi har bangon ƙarshe. Sunan Yaya ya fito sau uku. Zan karanta masa gobe, duka, ba zan ɓoye ko harafi ba, na gama wannan sana'ar.

Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, wannan hakkinka ne kuma ba zan tauye shi ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Yafiya kuwa, Umma ta tara mu ranar da aka ɗauke ka ta ce kowa ya yafe maka, na motsa leɓe kawai. Ban ce komai ba. Ka ba ni lokaci.

Yarinyarka tana Khalidiyya gidan Ammu Hamza lafiya lau, a inuwa, an lulluɓe ta.

Sai wata rana.

Ni ce ɗayar,
Safiyya.